Goggo Lalube da Ƙwai na Shida

A ƙasan asibitin, can inda matakala ke ƙarewa, bayan ɗakin da ake jibge gadajen da suka karye, nan ɗakin wanki yake. Masu zuwa dubiya ba su san da shi ba. Likitoci kuwa a tunaninsu rigunansu da kansu suke yin fari, su goge kansu, su hau bene su rataye a ƙusa. A bakin ƙofar ɗakin akwai wani dogon tebur na ƙarfe da aka tokare ƙafarsa ɗaya da bulo. Shekara ashirin da shida, duk zanin gadon da ya sauko daga sama sai ya kwanta a kan teburin nan kafin ya ga ruwa. Matar da ke tsaye a bayansa ita ce Goggo Lalube.

Sunanta na gaskiya yana cikin fayil, aiki ya cinye shi tun tuni. Takan sa safar hannu biyu-biyu, ta warware zani, ta girgiza, ta bi shi da tafin hannu daga wannan baki zuwa wancan, ta juye aljihun kowace riga, ta leƙa cikin rigar filo. Abin da ta tsinta a rayuwarta ya isa a buɗe kanti: allurai, reza, almakashin tiyata, biro, makulli, zobe, tabarau, haƙoran roba, har da wasiƙar soyayya da wani likita ya rubuta wa wata nas. Ta mayar masa da abarsa ba ta ce uffan ba, amma daga ranar in sun haɗu shi ke fara gaisuwa, har da rusunawa.

Ba wanda ya ɗauke ta wannan aikin. Ta shigo tana goyon ɗanta na fari, an ce ta riƙa zuba kaya a inji. Ba ta yi sati ba reza ta tsaga mata babban yatsa tana kwaso jiƙaƙƙun zannuwa, tabon yana nan fari fat. Aka ɗinke, ta dawo, ta tambayi wa ke duba kaya kafin a zuba. Aka ce babu. Ta shiga ɗakin karyayyun gadaje, ta jawo teburin nan ita kaɗai yana ƙara a kan siminti, ta kafa shi a bakin ƙofa, ta ce daga yau ko hankici ba ya wucewa sai ta taɓa shi. Ba a rubuta wannan a wata takarda ba. Wa zai zauna rubuta abin da kowa ke gani da ido?

Ba za a yi mata ƙarya a ce tana da daɗin zama ba. Bakinta ya fi almakashin da take tsinta kaifi. Baba Mai Guga, wanda suka tsufa tare a ɗakin, yakan ce in Goggo ta yi maka murmushi ka duba aljihunka, ta ga wani abu ne. Mai Ɗinki, wata shiru-shiru da ke can lungu bayan injin busarwa tana facin zannuwan da suka yage, ita kaɗai ce ba ta taɓa shan faɗan Goggo ba, wannan ma don ƙarar inji ba ta bari a tuna tana nan. A gida kuwa mijinta, tsohon direban bas da ya ajiye sitiyari, Kwastan yake ce mata, saboda hannunta ba ya iya wuce riga a rataye bai shiga aljihu ba.

Ana haka aka kawo sabon manaja. Yaro mai tsabta, irin waɗanda takalminsu bai san ƙasa ba, wuya a shaƙe da taye, turare na riga shi shiga ɗaki. Yana da wata 'yar fitila kamar biro mai jefa jan ɗigo a bango, don haka ɗakin wanki ya sa masa Jan Ɗigo. Sau ɗaya ya taɓa saukowa. Ya tsaya a mataki na uku daga ƙasa, ya kai hankici hanci, ya ce, "Sannunku da aiki," ya juya. Iyakar saninsa da wanki ke nan.

Wata Talata da hantsi aka kira su zauren taro. An ja labule, an kunna majigi, sakatariyarsa na gefe a gaban kwamfuta tana sauya shafi duk sanda ya ɗaga mata gira. Wani shafin ya shigo da tsalle, wani ya narke kamar kitse a wuta. Can sai ga na ɗakin wanki: ƙwallaye biyar shuɗɗa sun yi da'ira, kibiya na fita daga wannan tana shiga wancan.

"Kaza ce ta saka musu," in ji Baba Mai Guga ƙasa-ƙasa. Daga nan suka zama ƙwai.

Kowane ƙwai cike yake da rubutu kamar takardar kotu. Jan Ɗigo ya bi su da fitilarsa yana karantawa da murya mai daɗi: tattara kayan da aka yi amfani da su daga dukkan sassa a kan lokaci, wanke su bisa ƙa'idar da aka shimfiɗa, da sauransu. In an tace surutun, abin da ya rage shi ne tattarawa, wanki, busarwa, guga, rabawa.

Goggo ta ƙirga da yatsa. Biyar. Ta goge ido ta sake. Biyar ɗin dai.

"Manaja," ta ce, ba ta ko ɗaga hannu ba. "Ina nake?"

"Na'am, Mama?"

"A cikin ƙwayayen nan naka. Wanne ne ni?"

"Ai wannan zanen tsarin aiki ne, Mama, ba hoton mutane ba."

"Aikin nake tambaya. Fuskata na san inda na bar ta."

Aka yi dariya. Jan ɗigon ya yi 'yar rawa a allo, ya sauka a kan ƙwan farko. "Yana nan cikin tattarawa, a dunƙule."

"A dunƙule suke zuwa dama, da allura a ciki. Ni ce mai warwarewa."

"Za mu zo kan tambayoyi a ƙarshe," ya ce, ya ɗaga wa sakatariya gira.

Shafi na gaba ƙwayayen nan ne dai, amma an rataya wa kowanne sunayen ma'aikatansa. Can ƙasa, a wajen da'irar, da ɗan siririn rubutu, an sa: wanda ba shi da gurbi, mutum ɗaya. Ba a kira suna ba. Ba a buƙata. Duk zauren ya juyo ya kalle ta, sannan kowa ya shiga kallon takalminsa. Kwamitin gudanarwa, in ji Jan Ɗigo, ya riga ya ga zanen, ya kuma yaba da sauƙinsa. Ai dole su yaba. Mutum biyar masu ilimi sun kalli ƙwai biyar, sun ga sun yi kyau, kibiya ba ta karkace ba, me kuma ya rage?

Kafin Juma'a takarda ta sauko. Ritaya a ƙarshen wata, shekara huɗu kafin lokacinta, tare da godiya bisa daɗewar hidima. Kwamiti zai tabbatar ranar Alhamis ta ƙarshe, kuma in tana da ƙorafi tana iya halarta. Kafin nan ta riƙa ninke rigunan filo. Aka zo aka ja teburinta zuwa baranda, bulon ma aka shure shi gefe. A bangon da yake jingine aka manna zanen nan, an buga shi ƙato an rufe shi da roba don kada tururi ya ɓata shi. Masu turo kaya daga sama suka riƙa duban bango, su ga kibiya ta tashi daga tattarawa ta faɗa wanki, su ma su juye buhu kai tsaye a bakin inji.

Ta koma gida da la'asar ta tarar da maigidan a bakin ƙofa yana fama da rediyonsa. Ta wuce rigarsa da ke rataye ba ta taɓa ba.

"Kwastan, yau an buɗe boda ne? Ba caje?"

"Malam, ka fita harkata."

Ya ajiye sukudireba. Ta zauna ta zazzage masa komai, har da kwaikwayon muryar Jan Ɗigo. Ta ce da sata aka ce ta yi, da ta san abin da za ta ce. Da tsufa aka ce ya kama ta, da ta nuna musu hannunta. Amma a ce ba ta nan? Shekara ashirin da shida tana tsaye a wuri guda har siminti ya yi shatar ƙafarta, wani hoto ya ce ba a taɓa yin ta ba?

"Haka taswirar da suke manna mana a tasha take," in ji shi. "Hanya miƙe sumul, ko rami ɗaya babu. Mu da ke bi mu muka san inda ƙafar mota ke karyewa. Wa ya zana?"

"Manaja mana."

"Da hannunsa? Mutumin da kika ce ko ƙofa sai an buɗe masa?"

Ta harare shi. Ba ta son ya yi gaskiya, don sai ya yi sati yana tuna mata.

Kwana tara ana bin kibiya. Ranar farko biro ya fashe a inji, rigunan Babban Likita shida suka fito da dabbare-dabbaren shuɗi. Jan Ɗigo ya ce laifin sabulu ne. Ranar ta huɗu wani abu ya riƙa buga cikin inji, ƙwal, ƙwal, da aka tsayar aka tarar da almakashi ya yaga zannuwa goma sha, aka tula wa Mai Ɗinki. Goggo na zaune tana ninke rigar filo, tana ninke ta kamar wuyan wani take murɗewa. Duk abin da aka ciro daga inji tana karɓa ta jefa a wani tsohon gwangwanin madara.

Ranar ta tara Baba Mai Guga ya ɗago wani zani daga kwando, sai ya tsaya cak. Allura ce ta huda safar hannunsa ta fito tsakanin yatsu biyu, ba ta taɓa nama ba, saura ƙiris. Goggo ta zo ta zare ta da hantsaki, ta jefa a gwangwani, ta cire masa safar ta duba hannun ciki da baya kamar zanin gado.

"Ba ta same ka ba. Zauna."

Ta ɗauki gwangwaninta ta nufi matakala.

Ofishin manaja na bene na biyu. Shi yana wurin wani taro, sakatariya ce kaɗai, yarinya mai hankali da ba ta wuce sa'ar 'yar Goggo ta biyu ba. Tana ganinta ta miƙe har kujera na faɗuwa.

"Goggo, ina wuni. Manaja ba ya nan."

"Na sani. Wurin kazar na zo, ba zakaran ba. Ke kika saka ƙwayayen nan?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. "Ni na haɗa, amma wallahi shida na fara yi. Na san aikinki, kullum ina wucewa ina ganinki."

"To ina na shidan ya tafi? Kin soya?"

"Bari in nuna miki."

Ta jawo mata kujera, ta buɗe shafin. Ta nuna mata cewa manhajar da ake shirya shafukan majigi tana zuwa da zane-zane a shirye, jeri guda: mai da'ira, mai matakala, mai kibiya a layi, mai reshe kamar bishiya. Mutum zaɓa kawai yake yi. Wannan mai da'irar da ƙwai biyar yake fitowa. Ta danna gefensa, wata 'yar taga ta buɗe da layuka biyar na rubutu.

"Kowane layi ƙwai ɗaya ne. In kina son ƙari, ki je ƙarshen layi ki danna wannan babban maɓallin na dama."

Yarinyar ta danna. Ƙwayayen biyar suka ɗan matsa, suka ɗan tsuke, na shida ya faɗo tsakaninsu, kibiyoyi suka gyara kansu ba wanda ya roƙe su.

Goggo ta kalli allo, ta kalli maɓallin, ta kalli yarinyar.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Goggo."

"Ba a zuwa kwamiti? Ba a sayo wani abu daga waje? Wannan ɗan abin da ko jariri ya faɗa a kai zai danna?"

"Shi ne."

Abin da Goggo ta faɗa a nan ba ya rubutuwa. Ta ambaci Jan Ɗigo da fitilarsa da tayensa, ta bi ta kan makarantar da ta ba shi takarda, ta dawo kan wanda ya ɗauke shi aiki. Sakatariya ta tashi a hankali ta tura ƙofa.

"To me ya hana a bar shi?" in ji Goggo da ta sami numfashi.

"Duba rubutun. Da ƙwai suka ƙaru sai suka ƙanƙance, rubutun ciki duk ya koma kamar ƙafar tururuwa. Ya je bayan ofis ya tsaya ya ce ba ya karantuwa, kuma wai zane mai kyau ba ya wuce biyar. Ya ce in cire ɗaya. Na ce wanne. Ya duba takardun sashe, ya ga naki ne kaɗai ba a rubuce ba."

"Ke kuma kika cire."

"Na cire, Goggo." Ta goge ido da bayan hannu. "Ban san har takarda za ta biyo baya ba. Na ɗauka hoto ne kawai."

Goggo ta daɗe tana kallonta, irin kallon da take yi wa aljihun da ta san akwai abu a ciki. Sannan ta ce, "Share hancinki. Karanta min abin da ya cusa a na farkon."

Ta karanta mata: tattara kayan da aka yi amfani da su daga dukkan sassa a kan lokaci.

"Wa'azi zai yi a cikin ƙwai? Goge. Bar tattarawa kawai."

Yarinyar ta miƙa hannu, ta janye. "In ya ga na taɓa masa shafi, ni ma ƙwaina zai fashe."

"Kwafe shi gefe, ki bar masa nasa. Sannan ki ɗauke hannunki. Ni zan danna, ke ba ki ga komai ba, bakinki ne kawai ke motsi."

Haka aka yi. Goggo Lalube, wadda ba ta taɓa taɓa kwamfuta ba sai dai ta goge mata ƙura a gidan ɗanta, ta zauna da yatsa ɗaya, mai tabon nan, tana farautar haruffa. Linzamin kwamfutar ya ba ta wahala, tana tura shi dama kibiyar allo na gudu wani wuri, har ta ce masa ya shiga hankalinsa. Amma tana rage surutun layukan, rubutun cikin ƙwai na girma da kansa. Tattarawa. Wanki. Busarwa. Guga. Rabawa. Ta zo layi na shida ta rubuta lalube, ta jingina da kujera. Ƙwai shida, kowanne da kalma ɗaya ƙatuwa da ko mai hakiya zai karanta daga bakin titi.

Sai ta bi kibiya da yatsa, ta ɓata rai.

"Wannan ya sa ni bayan rabawa. Sai an shimfiɗa wa mara lafiya zani ya kwanta a kan allura sannan in zo in lalube shi?"

"Don a ƙarshe kika rubuta. Ga maɓallin matsarwa sama. Danna sau huɗu."

Ta danna tana ƙirgawa da ƙarfi. Ƙwan ya riƙa tsallake 'yan uwansa, ya wuce guga, ya wuce busarwa, ya zo ya zauna daram tsakanin tattarawa da wanki, daidai inda teburinta yake a bakin ƙofa.

"Ana canza masa launi?"

"Ana yi."

"Sa min ja. Ja sosai, ya fi ɗigonsa."

Ranar Alhamis ta ƙarshe, ƙarfe goma na safe, kwamiti ya zauna. Babban Likita ne a tsakiya, dattijo mai furfura da tabarau a kan hanci, ga shatar shuɗin biro a aljihun rigarsa da bilic ya kasa fitarwa. Jan Ɗigo ya yi bayaninsa, ya nuna ƙwayayensa biyar, ya ce tsarin ya kankama lafiya lau. Aka ce ko mai ƙorafi na kusa.

Tana kusa. Ta shigo da buhun kayan wanki a ɗaure a kafaɗa, gwangwani a hammata, ta dire buhun a gaban teburinsu.

"Mama, nan ba wurin kawo wannan ba ne," in ji Jan Ɗigo.

"Ranka ya daɗe, bar min hotonka a allo, da shi zan yi aiki. Ga ƙwan farko, tattarawa. Na tattaro, yanzun nan daga ɗakin tiyata, ba wanda ya buɗe. Kibiyarka ta ce daga nan sai inji. Zo ka kwance, ka zura hannu ka kwaso yadda yaranka ke yi. Ga safar hannu ma, na yi maka alfarma."

Ta miƙa masa. Bai karɓa ba. Ya kai hannu wuya ya gyara taye.

"Wannan ba aikina ba ne."

"Ba na kowa ba ne, in ji zanenka. Zura. Ai babu komai tsakanin ƙwan nan da wancan, kibiya ce kawai, ga ta nan sumul."

Ta buɗe gwangwani, ta jawo farantin ƙarfen da aka ɗoro musu kofunan shayi, ta sauke kofunan ɗaya bayan ɗaya, ta juye. Allurai, reza biyu, almakashin da ya lanƙwashe, gawar biro. Ƙarar ta cika ɗakin.

"Wannan na kwana tara ne, wanda ya bi kibiya ya shiga inji. Wannan doguwar a safar Baba Mai Guga na zare ta, tsakanin yatsunsa. Wannan biron kuwa, likita, ina jin kun san juna."

Babban Likita ya dubi aljihunsa, ya dubi Jan Ɗigo ta saman tabarau. "Ka ce min sabulu ne."

"Ana kan bincike, ranka ya daɗe."

"Ina da nawa hoton," in ji Goggo. "In an yarda."

"A sa," in ji Babban Likita.

Sakatariya ba ta kalli kowa ba, ta danna. Ƙwai shida suka cika allo, biyar shuɗɗa, ɗaya ja wur a wuri na biyu. Wata tsohuwar nas da ke can ƙarshen tebur ta karanta su a fili ba tare da ta nemi tabarau ba.

"Me ya sa tun farko ba a kawo mana wannan ba?" in ji Babban Likita.

Jan Ɗigo ya fara bayani kan ƙa'idar zane, cewa ido ba ya son abin da ya wuce biyar, cewa an yi nazari a kai.

"Rubutu ne ya yi masa ƙanƙanta, likita," Goggo ta katse shi. "Ba ya karantuwa daga bayan ɗaki. Da ya rage surutu da ya rage ni, sai ya ga rage ni ya fi sauƙi. Shi kuma ban ga laifinsa sosai ba, a mataki na uku ya tsaya. Ku da kuka sa hannu fa? Shekara nawa kuna sa riga ba abin da ya soke ku, ba wanda ya taɓa tambaya don me?"

Tsohuwar nas ta sunkuyar da kai tana danne dariya. Babban Likita bai yi dariya ba. Ya jawo takardar ritayar daga fayil, ya ja mata layi biyu, ya ce a mayar da tebur yau, a kuma rubuta aikin cikin takardun sashe. Ya ce mata an gode.

"A bar godiyar," ta ce, tana kwashe alluranta da hantsaki. "An riga an yi min ita a takarda."

Ba ta jira leburori ba. Ita ta jawo teburin daga baranda yana ƙara a kan siminti kamar ranar farko, ta nemo bulonta ta tokare. Ta ɓamɓare tsohon zanen daga bango ta shimfiɗa a gefen tebur, ta ce roba ce mai kyau, a kanta za ta riƙa ajiye abin da ta tsinta. Da la'asar ta shiga gida ta zura hannu a aljihun rigar maigidan, ta ciro alawar da likita ya hana shi sha.

"An rufe boda ke nan," in ji shi.

Fushin dai bai tafi ba, wuri kawai ya canza. Bayan sati biyu labari ya sauko cewa Jan Ɗigo ya nuna ƙwai shida a taron manyan asibitoci, da jan nan da komai, ya ce gyara ne da ofishinsa ya gano bayan dogon nazari, har an tafa masa. Goggo ta yini tana girgiza zannuwa kamar da su aka haɗa baki.

Ran da aka manna sabon zanen a bango, kowa ya zo ya nemi ƙwansa. Baba Mai Guga ya shafa nasa ya ce ya fi na da ƙiba. Aka watse. Goggo na cikin juye aljihun wata riga ta ga mutum tsaye a gaban bango, da zare a wuya da allurar ɗinki a gefen ɗankwali. Mai Ɗinki ce ta fito daga lungunta. Tana bin ƙwayayen da yatsa, leɓenta na motsi. Ta kai ƙarshe, ta goge ido, ta sake farawa.

Ta juyo kawai ta kalli Goggo.

Goggo ta kalli bango. Tattarawa, lalube, wanki, busarwa, guga, rabawa. Ta kalli tulin yagaggun zannuwan da ke jiran faci a bayan injin busarwa. Babu ƙwan ɗinki, ko a zanen manaja ma ba a tuna an ƙirga matar cikin marasa gurbi ba. Da yatsanta ta rubuta layukan nan, ba manaja a kusa, ba wanda ya ce mata kada ta wuce shida.

Ta cire safar hannu, ɗaya bayan ɗaya, ta jefa a kan tebur.

"Shekara nawa kike a lungun nan?"

"Goma sha tara, Yaya."

"Kuma kina kallo ina ta haƙilo ba ki buɗe baki ba? Ajiye zaren nan. Kafin guga kike ko bayan guga?"

"Kafin guga."

"To taho. Bene biyu ne, ki riƙe ƙarfen matakala. Ke za ki danna da hannunki."